Bin sawun tumaki a zanen Sifaniya, daga Madrid zuwa Olot

Na je Sifaniya ne don in ga da idona yadda masu zanen ƙasar suka zana tumaki da makiyaya, in kuma auna abin da ke jikin ƙyalle da dabbar da ke tafe da ƙafafunta. Shi ya sa na zaɓi Oktoban 2023, watan da garkuna ke gangarowa daga duwatsun arewa zuwa makiyayar kudu.

Biza ce ƙofar farko. Ana miƙa takardu a Abuja ko Legas ta hannun kamfanin da ke wakiltar ofishin jakadanci, a ɗauki zanen yatsu. Kuɗinta a lokacin Yuro 80 ne, daga Yunin 2024 ya koma 90, ban da ladan wakili. Ana neman inshorar lafiya ta Yuro 30,000, bayanan asusun banki, shaidar masauki, tikitin dawowa da wasiƙar wurin aiki. Abin da ya fi kayar da mutane shi ne kuɗi mai yawa da aka zuba a asusu kwatsam ana gobe za a miƙa takardu, sai kuma inshorar da kwanakinta ba su kai ranar dawowa ba. Daga Kano jirginmu ya bi ta Alkahira, muka yi jiran sauyi, muka sauka filin jirgin Barajas. Ɗan sandan kan iyaka ya tambayi masauki da ranar komawa. Dokarsu a shekarar ta ce baƙo ya iya nuna Yuro 108 na kowace rana, kuma ko kwana biyu zai yi, kada abin da ke hannunsa ya gaza 972. Duk takardun suna hannuna a buge, domin wayar da ba ta kama intanet ba ba ta yi wa mutum shaida a gaban tagar. Ya buga hatimi, na wuce. A lokacin motar safa mai zuwa tashar Atocha Yuro 5 ce, tasi kuwa Yuro 30 ne ƙayyadadde zuwa tsakiyar gari.

Na sauka a wani ƙaramin masauki tsakanin Atocha da unguwar Lavapiés, Yuro 55 kwana ɗaya, da bayan gida a ciki. Unguwar ta dace da Musulmi: akwai gidajen abincin Sanagalawa da Marokawa da 'yan Bangladesh, da mahauta masu yankan halal, shinkafa da kifi a lokacin ba ta wuce Yuro 8 zuwa 10. A gidajen abincin 'yan ƙasa sai an yi tambaya dalla-dalla, don naman alade yana shiga miyar wake, yana shiga farfesu, yana shiga har abincin da ba a ambaci nama a sunansa ba. Lokutansu ma daban ne. A wannan watan rana ba ta fitowa sai wajen takwas da rabi, Asuba tana kai bakwai, ana cin abincin rana ƙarfe biyu, na dare ƙarfe tara. Ranar Juma'a na bi jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa babban masallacin da ke bakin titin M-30.

Gidan zane na Prado tafiyar minti goma ne daga Atocha. An buɗe shi a 1819, kuɗin shiga Yuro 15, kuma sa'o'i biyun ƙarshe na kowace rana kyauta ne. Ban ba wanda ya zo nazari shawarar jiran kyautar ba: layi yana da tsawo, ɗakuna suna cika, ba ka samun tsayawa gaban zane ɗaya yadda kake so. A shiga ƙarfe goma na safe. An hana ɗaukar hoto, don haka a riƙe fensir da ɗan littafi.

Na nufi ragon Francisco de Zurbarán kai tsaye, wanda ake kira Agnus Dei, an zana shi tsakanin 1635 da 1640. Ƙarami ne, faɗinsa santimita 62, tsayinsa bai kai 40 ba. Ɗan rago ne jinsin merino, kwance bisa wani dakali mai ruwan toka, an haɗe ƙafafunsa huɗu an ɗaure da igiya, bayansa duhu ne ƙirin. Ga Kiristoci alama ce ta Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, bisa aƙidarsu, kuma a wasu daga cikin ragunan da ya zana ya ƙara da'irar haske da rubutu. A wannan bai ƙara komai ba. Duk wanda ya taɓa shiga kara ana jajiberin Babbar Sallah zai karanta dabbar nan kamar yadda dillali ke karantawa. Ƙahon ya fara nannaɗowa amma bai kammala zagaye ba, saboda haka bai cika shekara ba. Masanan gidan sun ce wata takwas zuwa goma sha biyu. Ulu ya sauko har goshi, abin da ba ka gani a Balami ko Uda ko 'Yankasa, domin namu gashi gare su, ba a sausayarsu. Nauyin cikin ya zube gefe guda kamar na dabba mai rai, wuya ya miƙe ya saki, ido a lumshe. Igiyar ta kama daidai siririyar gaɓar da ke saman kofato, inda mai ɗauri ke kamawa don kada ta zame.

An haifi Zurbarán a 1598 a Fuente de Cantos cikin yankin Extremadura, inda garkunan merino ke cin hunturu suna haihuwa. Ya san dabbar tun kafin ya san buroshi, kuma aikin ya nuna. Rago mai ɗaurin ƙafa huɗu ba a barinsa ya daɗe a kwance, tumbinsa kan kumbura, don haka a ganina ba zama ɗaya ya yi ya kwafe ba; abin da ido ya tara shekara da shekaru ne ya zubo.

Na daɗe ina duban yadda ya yi ulun. Masu zanen Sevilla na zamanin sukan shafe ƙyalle da ƙasa mai ruwan makuba kafin su fara. A kan wannan shimfiɗa ake ɗora farin dalma da aka kwaɓa da man irin kittani, a sirka shi da rawayar ƙasa da ɗan baƙin ƙonannen ƙashi. Inda haske ya faɗa fenti yana da kauri, an ɗiɗɗiga shi da bakin buroshi cikin gajerun lanƙwasa. Inda inuwa take fenti siriri ne, shimfiɗar ƙasan tana leƙowa, ita ce ke ba inuwar ɗumi. Babu wurin da ya sa fari tsantsa sai 'yan ɗigo a ƙololuwar baya. Ɗalibai sukan yi kuskure biyu a nan. Na farko su zana gashi ɗaya-ɗaya tun daga farko, sai jikin ya baje, ƙashi da tsoka su ɓace. Na biyu su yi inuwa da baƙi da fari kawai, sai ulun ya koma kamar siminti. Ana fara gina ganga da kafaɗa da ƙugu da launi uku, duhu da matsakaici da haske, a bari ya sha iska, sannan a sa nannaɗen ulu a iyakar da haske ke haɗuwa da inuwa, don a nan ne kawai ido ke ganinsu.

A ɗakin ayyukan mai zane Murillo na tarar da wata dattijuwa tana kwafar wani zane da izinin gidan; doka ta hana girman kwafi ya zo daidai da na asali. Da ta tsaya hutawa na gaishe ta da Señora, na tambaye ta cikin Faransancin da muka iya haɗawa abin da ya fi ba ta wuya. Ta ce haƙurin barin fentin ƙasa ya bushe. Kowane shafi na sama dole ya fi na ƙasansa mai; idan aka juya, na sama ya riga bushewa, na ƙasa yana motsi, shekara kaɗan fuskar zanen ta tsattsage.

Makiyayi Nagari na Murillo, na wajen 1660, shi ne jama'a suka fi taruwa a kai: yaro a zaune da sanda, hannunsa ɗaya bisa bayan tunkiya, kangon tsohon gini a baya, garke can nesa cikin hazo. Tunkiyar an zana ta da sani, hanci da kunne da tsayuwar ƙafa duk daidai. Yaron ne ba makiyayi ba. Ƙafarsa ba kaushi, fatarsa ba ta san rana ba, rigarsa ba ƙura. Murillo bai yi don ya nuna kiwo ba, don ibadar mutanensa ya yi, kuma ya cim ma abin da ya nufa. Amma daga irin wannan zane ne aka gaji makiyayin ado, wanda masu zanen ƙarni na 19 suka sha wahalar rabuwa da shi.

Ɗakunan ƙarni na 19 suna hawan ƙasa, kuma ba cunkoso. A nan ne mutumin da ya juya akalar zanen karkara yake, Carlos de Haes, haifaffen Brussels a 1826 wanda ya tashi a Málaga. A 1857 ya samu kujerar koyar da zanen shimfiɗar ƙasa a makarantar San Fernando ta Madrid, ya riƙa fitar da ɗalibansa daji su zana abin da ke gabansu. Abin da ya sauƙaƙa wannan shi ne fentin cikin bututun ƙarfe mai matsewa, wanda aka ƙirƙiro a 1841. Kafin nan a mafitsarar dabba ake ƙulla fenti, in an huda sai ya bushe. Hanyar Haes ita ce a yi ƙaramin gwaji a fili, a kan takarda ko ɗan ƙyalle da zai shiga murfin akwatin fenti, a gama kafin inuwa ta juya, wato cikin sa'a biyu ko ƙasa da haka, sannan a gina babban zane a ɗaki daga waɗannan gwaje-gwaje. Babban aikinsa na 1876, kwazazzabon Mancorbo a duwatsun Picos de Europa, ya nuna sakamakon. Dutse ya cinye ƙyallen, dabbobin kiwo 'yan mitsi-mitsi ne a ƙasa, sai ka matso kake lura da su. Haka makiyayi yake a dutse in an faɗi gaskiya. Almajiransa irin su Aureliano de Beruete da Jaime Morera sun ɗauki hanyar zuwa tsaunukan Guadarrama da busasshiyar ƙasar Castilla.

Zanen wannan zamani yana da cututtukansa. Wasu sun yi inuwa da fentin kwalta don kyan duhunsa, shi kuwa ba ya bushewa sarai, yana tattarewa ya fashe. Farin tutiya, wanda ya shigo a madadin farin dalma, yana yin gautsi ya ɓare. Tsohon banish kuma yana yin rawaya, sai garken da aka zana da safe ya koma kamar na la'asar. Wanda ya je neman zanen tumaki na ƙananan masu zanen lokacin ya san cewa Prado ya ba da aron dubban ayyukansa ga gidajen tarihi da ofisoshin larduna, wasu kuma suna ma'ajiya. A duba shafin gidan tun daga gida, yana nuna wanda ke rataye da wanda ba ya nan.

Ranar Lahadi tumakin da kansu suka shigo gari. Bikin ƙaurar garkuna ne, ana yinsa tun 1994. Tun da hantsi na tsaya a Calle Mayor. Ƙarar ƙararrawa ce ta fara isowa, sannan wari, sannan garken: tumaki merino fiye da dubu da jajayen awaki, sun taso daga dajin Casa de Campo, za su ratsa Puerta del Sol zuwa dandalin Cibeles. A gaba akwai dandaƙaƙƙun raguna da bunsuraye masu manyan ƙararrawa, waɗanda aka horar su bi makiyayi don ɗan burodin da ke hannunsa, sauran garken kuma su bi su. A gefe manyan karnukan mastín ne, masu tsaron garke daga kyarkeci. A daji ana sa musu abin wuya mai ƙusoshi don kare maƙogwaro. A Cibeles shugaban makiyaya ya biya hukumar birni tsofaffin kuɗi maravedí 50 kan kowace dabba dubu, bisa yarjejeniyar 1418. Jangali ne a taƙaice, sai dai yanzu na al'ada ne. Mai niyyar zuwa ya bincika kafin ya yanki tikiti, domin a 2024 cutar shuɗin harshe ta hana a fito da tumakin.

Abin da na koya a rabin sa'ar nan ya gyara mini kallon duk zanen da na gani daga baya. Merino a Oktoba ba fari ba ne. Maiƙon jikinsa ya kama ƙurar wata huɗu, bayansa ya yi toka-toka mai ruwan ƙasa, sai inda ulun ya tsage a wuya ko kafaɗa kake hango fari mai ruwan madara a ciki. Mai zanen da ya sa ganyen kaka a bishiya sannan ya yi garke fari fat, a ɗaki ya zauna. Garke mai tafiya kuma ba a ƙirga ƙafafunsa. Bayansu ne ke haɗewa ya zama abu guda mai tashi da sauka, kawuna kaɗan ne ke ɗagowa, ƙafafu ba a ganinsu sai na layin gaba da na gefe. Gwanaye suna zana uku ko huɗu na gaba sosai, sauran su bar su tabo-tabo, launi yana yin sanyi yana dusashewa yayin da ake nisa. Akwai kuma halin dabba. Tunkiya da ƙafar baya take fara tashi. Ba ta da haƙoran gaba a sama, shi ya sa take fizgar ciyawa da ɗan kaɗa kai. Ƙwayar idonta a kwance take. Da tsakar rana mai zafi ba ta kiwo, cunkushewa suke kowace ta cusa kai ƙarƙashin inuwar 'yar'uwarta. Wanda ya zana gajeriyar inuwa ta azahar da garke a baje yana kiwo, bai yini da makiyayi ba.

A dandalin Puerta de Alcalá na je na ga duwatsun alama da ke shaida cewa titin nan burtali ne. Na daɗe a tsaye a wurin. A 1273 Sarki Alfonso na Goma ya amince da majalisar makiyaya da ake kira Mesta. Babban burtali faɗinsa taku 90 na ma'aunin Castilla, kimanin mita 75. Matsakaici mita 37 da rabi. Ƙarami kusan mita 21. Majalisar tana da alƙalanta masu bin hanya suna aunawa, suna cin tarar manomin da ya ci burtali. Makiyayi shi ma an haramta masa wurare biyar: gonar hatsi, gonar inabi, lambu, makiyayar da gari ya keɓe, da fadamar da ake yankan ciyawa. A farkon ƙarni na 16 tumakin da ke wannan ƙaura sun kai wajen miliyan uku, ulunsu ne babban abin da Castilla ke fitarwa, kuma an hana fitar da merino mai rai daga ƙasar har cikin ƙarni na 18. Ba a ce tsarin adalci ne zalla ba. Manyan garkuna na fadawa ne da gidajen ibada, manoma sun yi ta kuka da danniya, har aka rushe Mesta a 1836. Amma hanyoyin ba su mutu ba: dokar 1995 ta mai da su dukiyar jama'a da ba a sayarwa, tsawonsu kusan kilomita 125,000.

Mu ma muna da burtali da labi da mashaya. Arewa ta yi dokar keɓe makiyaya a 1965, ECOWAS ta yi tsarin takardar ƙaurar dabbobi a 1998, Nijar ta yi dokar 2010 da ta amince cewa yawon kiwo haƙƙi ne. Udawa har yau suna gangarowa da tumakinsu masu rabi baƙi rabi fari bayan girbi, su koma arewa da faɗuwar damina, tafiyar da ba ta da bambanci da ta makiyayan León da Soria a arewacin Sifaniya. Abin da muka rasa shi ne awo da dutsen alama da alƙalin da ke bin hanya. Na san burtalin da a ƙuruciyata garke biyu ke giftawa a cikinsa, yau saniya ɗaya ba ta wucewa ba ta taɓa dawa ba, kuma kowa ya san abin da ke biyo bayan haka.

Daga tashar Chamartín jirgi mai sauri yana kai Segovia cikin rabin sa'a, wani babban ɓangaren tafiyar a cikin ramin Guadarrama mai kilomita 28. Tashar tana bayan gari, sai an hau bas zuwa gindin tsohuwar gadar ruwa ta Rumawa. Abincin da garin ya shahara da shi ɗan alade ne, na biyunsa ɗan tunkiyar da bai wuce kwana 35 ba, wanda bai ci komai ba sai nono, ana gasa shi a kaskon ƙasa da ruwa da gishiri. Ga wanda ya saba jiran rago ya shekara ya yi geza, abin da mamaki. Ban samu tabbacin yanka ba, na tsaya kan kifi da cukun madarar tunkiya.

Tasi ta kai ni Cabanillas del Monte, kamar kilomita goma daga gari, inda wani gidan sausaya na ƙarni na 18 yake tsaye a gefen burtalin da ke bin gindin dutse. Sai an nemi izini tun kafin a je. Ginin da kansa yana bayyana aikin. Akwai wani ɗaki dogo, matsattse, mai gajeren rufi, inda ake cusa tumaki su kwana su yi gumi, maiƙon ulu ya yi laushi, almakashi ya shiga da sauƙi. Da asuba masu ɗauri su fito da su, su haɗe ƙafafu huɗu, su ajiye gaban masu sausaya a babban zaure mai manyan tagogi. Wasu na naɗe ulun, wasu na kai shi rumbu, yara na yawo da garin gawayi suna barbaɗawa inda almakashi ya yanki fata don kada ƙuda ya yi tsutsa. A ƙarshe a buga wa kowace tambarin mai ita da narkakken ƙaro. Har wurin ibada an yi shi yana kallon zauren, don ma'aikata su ji ba tare da sun ajiye almakashi ba. Watan Mayu da Yuni ake yi, garkuna na kan hanyar hawa dutse. Jiƙaƙƙen ulu ba a sausayarsa, yana ruɓewa a rumbu. In kuma sanyi ya sauko bayan sausaya, dabbobi kan mutu da yawa, shi ya sa ake tsare su a rufi na 'yan kwanaki.

A bakin burtalin na haɗu da wani makiyayi Bamaroke, ɗan haya, da garken wani mai gona. Na yi masa sallama, ya amsa da murna, muka ci gaba da Larabci. Ya ce 'ya'yan masu garke ba sa son aikin, yawancin abokan aikinsa baƙi ne, masu sausaya ma daga Uruguay ake ɗauko su kowace bazara. Na nuna masa katin ragon Zurbarán da na saya. Ya kalla, ya sa yatsa kan igiyar, ya ce: "Ɗan'uwa, wanda ya yi ɗaurin nan ya iya. Amma a kwance shi da wuri." Bai tambayi sunan mai zanen ba.

Na leƙa fadar El Escorial don zanen José de Ribera na 1632, Annabi Yaƙub da garken surukinsa, inda kawunan tumakin suka fi komai rai. Daga garken wannan fada ne aka aika merino zuwa Saxony ta ƙasar Jamus a 1765. Daga nan na koma Madrid na hau jirgin Barcelona, sa'a biyu da rabi. Kamfanoni da yawa ke gasa a layin, wanda ya saya da wuri yana samu ƙasa da Yuro 30, wanda ya bari sai ranar tafiya ya biya ninki uku.

Gidan zanen Kataloniya yana kan tudun Montjuïc, Yuro 12, tikitin yana aiki kwana biyu. A nan na ga Ramon Martí Alsina, wanda ya shigo da zanen zahiri yankin, da almajirinsa Joaquim Vayreda. Don Vayreda na hau motar safa zuwa garinsu Olot, tafiyar sa'a biyu da 'yan mintuna. Ƙasar ta sauya gaba ɗaya. Tsofaffin duwatsun aman wuta ne da daji ya rufe, ƙasa baƙa, fadamu kore shar, hazo yana kwana a kwari har hantsi. A kawo rigar ruwa da takalmi mai kauri. Masauki ya fi Madrid sauƙi, Yuro 45.

An haifi Vayreda a 1843, ya rasu a 1894. Ya je Faris ya ga aikin masu zanen karkara na Barbizon, ya dawo ya kafa salon zanen da ake kira makarantar Olot tare da Josep Berga i Boix. Ayyukansu suna gidan tarihin Garrotxa, cikin tsohon ginin marayu na ƙarni na 18. Garkunansa ƙanana ne, irin na gidan gona, galibi yarinya ko tsoho ke tsaye da su a gefen rafi. Gwanintarsa a iska take: yana sa ruwan toka mai ɗan shuɗi a bayan tumaki, wato hasken sama mai gajimare, ya sa ɗan kore a cikinsu, wato hasken da ciyawa ke mayarwa. Na fita fadamun bayan gari da sassafe na duba, haka abin yake. Inda nake da ja da shi shi ne natsuwar ta yi yawa. Ya rayu cikin yaƙin basasar Carlista, har ya yi gudun hijira zuwa Faransa, kuma a zamaninsa masaƙu na janye matasa daga ƙauye. A zanensa ba ka ganin ciwon kofato, wanda dole ne ya addabi tumaki a ƙasa mai laima haka, ba ka ganin ramammiyar tunkiya ko makiyayin da ruwa ya daka. Dionís Baixeras, wanda ya zo bayansa ya zana masunta da makiyayan Pyrenees, ya fi kusantar mutanen: fuska mai tamoji, bargo a kafaɗa, jar hula, tsayuwar wanda ya jingina nauyinsa kan sanda tun safe. Duk da haka masu sayen zanen attajiran Barcelona ne, kuma abin da za a rataya a falo suke so. Zanen zahiri na kiwo ya bunƙasa ne bayan an rushe Mesta, a shekarun da darajar ulun Sifaniya ta faɗi, jirgin ƙasa kuma ya fara ɗaukar garkuna. Sun zana abin da ke shuɗewa ne, da idon wanda ke kewarsa.

Abin da zane ya rage na same shi a Ripoll, ƙasa da sa'a ɗaya a mota daga Olot, a gidan tarihin al'adu da aka kafa a 1929. Ɗakin makiyaya yana da ƙwaryar wuyan katako da makiyaya ke sassaƙawa da wuƙa suna yi wa ado, ƙararrawa manya da ƙanana, ƙarafan tambari, jakar fata, sanda mai ƙugiya ta kamo ƙafar baya. Kowace ƙararrawa da muryarta, makiyayi na jin wadda ta yi nisa cikin hazo ya san wace dabba ce ta ware. Tumakin yankin, jinsin ripollesa, farare ne masu ɗigon ja ko baƙi a fuska da ƙafafu. Bayan na gan su a hanya na gane cewa tabon da na ɗauka inuwa ce a fuskar wasu tumakin zanen Olot, launin jinsin ne.

Na komo ta filin jirgin Barcelona. Ban da tikitin jirgi da biza, abin da na kashe a rana ya tsaya tsakanin Yuro 90 da 110, masauki ne ya ci wajen rabi. Na sayo bututan rawayar ƙasa da makuba da burusa masu taurin gashi. Fentin mai yana tafiya a jakar da ake aunawa, a naɗe shi a leda saboda matsin iska kan sa ya tsiyaya. Ruwan tsarma fenti kuwa ba ya hawa jirgi ko a wace jaka, yana kama wuta. Wannan sai a saya a Kano.